DARASI: ALMAKASHIN CIKIN HATSI, DA ABIN DA KE TOSHE SHI

Manoman Azarori da kewaye, ku tauna ɗanyen hatsi ku daɗe. Za ku ji zaƙi ya fito. Daga ina?

Farin garin cikin ƙwaya, wanda ake ce ma sitaci, sukari ne da anka jera kamar 'ya'yan tasbaha. Cikin miyau akwai wani abu mai aikin almakashi, sunanshi amilaz. Shi ke tsinka tasbahar, zaƙi ya bayyana. Akwai shi cikin hanji, cikin hatsi mai tsiro, har cikin ƙananan ƙwayoyin halitta na ƙasa da ido ba ya gani.

1. Abin da ke toshe shi

Bakin almakashin nan, sitaci kaɗai ke zama daidai cikinshi. Amma wasu ƙwayoyin ƙasa suna yin wani abu mai kama da sukari huɗu a jere, sunanshi akarboz. Ɗaurinshi guda ba ya yankuwa. Almakashi ya ɗauka sitaci ne, ya cije shi, ya kasa yankewa, ya kasa saki da wuri. Sitaci na gaskiya sai ya jira.

A Jamus anka mai da akarboz maganin ciwon sukari, anka fara saida shi a 1990. Yana hana tuwo komawa sukari da sauri. Sitacin da bai narke ba yana gangarawa ƙarshen hanji, ƙwayoyin wurin su ci, shi ya sa mai shan shi kan ji kumburin ciki. Kada ku saye shi a kasuwa. Mai yawan ƙishirwa da fitsari da rama, ya tafi gidan likita na Madawa, Buza ko Keita a auna jininshi.

2. Inda muke son almakashi ya yi aiki

Yaron da ya cika wata 6 yakan sha wuyar haɗiye kunu mai kauri ƙwarai. In uwa ta ƙara ruwa, cikinshi ya cika da ruwa, bai ƙoshi ba. Ga dabara:

- A jiƙa hatsi dare guda.
- A rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana 2 ko 3, ya tsira.
- A shanya, a murje tsiron da saiwa a zubar, balle in dawa ce: tsironta na da dafi.
- A daka, a tankaɗe.
- A dama kunu da kauri, a sauke, ya ɗan huce, don tafasa na kashe almakashin.
- A zuba ƙaramin cokali guda na garin, a motsa. Kunu zai saki ba tare da ƙarin ruwa ba.
- A sake tafasawa kaɗan kafin a ba yaro. A ci gaba da ba shi nono.

Tambayoyin da za ku tattauna a aji:
Me ya sa akarboz ke maƙalewa bakin amilaz?
Don me ba a zuba garin tsiro cikin kunu yana bisa wuta?