DARASIN KIWO: MAKWANCI DA CIMAKAR ƁERAN MASAR

 Darasinmu na wannan karo a kan wata ƴar ƙaramar bisa yake, wadda yara suka fi manya kula da ita, wato ɓeran Masar.

Ya kai manomi, wataƙila ka taɓa ganin haka a gidanka ko gidan maƙwabci. Da kaka, yaro ya tara ƴan kuɗinsa na kalar gyaɗa, ya sayo ɓeran Masar biyu, mace da namiji. Ciyawa na nan ɗanya, sai su yi ƙiba, har su haihu. Rani na shigowa sai a koma ba su dusa da busasshiyar harawa. Kafin bazara ta ƙare an kwashe su ɗaya bayan ɗaya an yar a juji. Yaro ya yi kuka, manya su ce ai ɓeran Masar ba ya jimiri. Ba rashin jimiri ba ne. Abu biyu ke kashe shi a ƙasarmu: zafi, da rashin ɗanyen ganye. Duka biyun kuwa suna da magani wanda bai fi ƙarfin talaka ba.

1. INA ASALINSA?

Sunansa na da ruɗi. Ba ɓeran rumbu ba ne, ba ya ɓarna, ba ya hawan bango, wutsiya ma ba ya da ita. Kuma ba daga Masar ya fito ba. Haka Bahaushe ya raɗa wa masara suna, alhali ita ma daga nahiyar Amurka take. Asalin ɓeran Masar duwatsun Andes ne na Amurka ta Kudu, a ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka shekara dubbai suna kiwonsa cikin ɗakin girki. A ƙarni na 16 jiragen ruwa suka kai shi Turai. Yau ana kiwonsa da yawa a Kamaru da Kwango da Tanzaniya.

Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen darasin duka: ƙasarsa ta asali tudu ce mai sanyi, kuma ɗanyar ciyawa ce cimakarsa. Mu kuwa damanarmu daga Yuni zuwa Satumba take, sauran wata takwas rani ne. Aikinka shi ne ka samar masa abin da ƙasarmu ta hana shi.

Babba yakan kai nauyin giram 700 zuwa kilo 1 da ɗoriya. In ya samu kulawa yakan yi shekara 5 zuwa 7.

2. MAKWANCI

Ɓeran Masar ya fi jin daɗi in awon zafi yana tsakanin digiri 18 da 24. In ya haura 30 ya shiga hatsari, musamman mace mai ciki. A Maraɗi kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Saboda haka kada ka sa shi cikin rabin tano, ko akwatin ƙarfe, ko ƙarƙashin rufin kwano. Wannan gasa shi ne da ransa.

Ga yadda za ka gina masa:

a) Zaɓi wuri mai inuwa tun safe har marece: cikin tsohon ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa, ko ƙarƙashin rumfar kara a gindin bedi, wato dogon yaro.

b) Gina ɗan gurbi da tubalin ƙasa, tsawo mita 1 da rabi, faɗi mita 1, bangon ya tashi santimita 45, wato kusan kamu ɗaya. Irin wannan gurbi manoman Peru ke ginawa. Zai ɗauki namiji ɗaya da mata huɗu ko biyar a wadace.

c) Ka ɗaga ƙasan gurbin ya fi tsakar gida tudu, ka daɓe shi sosai, don kada ruwan damana ya kwanta ciki. Kada ka yi masa daɓen waya: tana yanka masa tafin ƙafa, ya kumbura ya yi gyambo.

d) Ka zuba yashi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kai. Ban da ƙaiƙayi, ƙurarsa na shiga ido da hanci.

e) Ka rufe sama da ragar waya ko asabari mai ƙarfi wanda iska ke ratsawa, ka danne da dutse. Shi ba ya tsallake bango, amma mussa da kare da shaho da gafiya suna shiga. Ka toshe duk ramin da maciji zai bi.

f) Ka kifa masa fasasshiyar tukunya ko rabin tulu a kusurwa. Bisa ce mai tsoro, in ba ta da wurin ɓuya ba ta sakin jiki ta ci abinci.

Da bazara, ka ajiye ƙaramin tulu cike da ruwa cikin gurbin. Za ka ga sun jingina da shi suna shan sanyi. Da rana tsaka ka jiƙa buhu ka rataya a gefen da iska ke fitowa, ka yayyafa ruwa kewaye da ginin. In ka ga ɗaya ya baje a ƙasa yana haki, miyau na zuba, zafi ne ya buge shi. Maza ka kai shi wuri mai sanyi, ka shafa masa ruwan randa a kunnuwa da ƙafafu da jiki. Kada ka sa masa ƙanƙara.

Da hunturu kuma, iska mai ƙura na sa masa ciwon haƙarƙari. Ka kare gefen gabas da zana, ka ƙara ciyawar shimfiɗa da dare.

Kada ka bar shi shi kaɗai, bisar taro ce. Kada ka haɗa manyan maza biyu a gurbin da akwai mata, za su yi faɗa har jini. Kada kuma ka haɗa shi da zomo ko kaji. Zomo na harbinsa, kuma yakan ɗauko ciwon numfashi wanda shi ba ya damunsa, amma yana kashe ɓeran Masar.

Kowace safiya a kwashe ragowar ganye. Kowane mako a canja shimfiɗa. Abin da aka kwashe kada a zubar, taki ne mai kyau ga garka.

3. CIMAKA: ABIN DA YA RABA SHI DA AKUYA

Nan ne zancen yake, sai ka natsu. Akwai wani sinadari cikin ɗanyen ganye da ƴaƴan itace da ake kira bitamin C. Akuya da tunkiya da zomo da kaza, jikinsu na haɗa musu shi da kansa. Shi ya sa akuyarka ke ƙetare rani da harawa da dusa. Amma ɗan Adam da ɓeran Masar jikinsu ba ya haɗa shi, sai sun ci. Ba ya kuma ajiyuwa a jiki da daɗewa, dole a ci shi kullum.

Da ɓeran Masar ɗin ma aka gane haka. A shekarar 1907, wasu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka tsare ɓerayen Masar suna ba su tsabar hatsi zalla. Sai suka kamu da irin ciwon da ke kashe matuƙan jirgin ruwa waɗanda suka daɗe ba su ci ɗanyen abu ba. Waɗanda aka ƙara wa ɗanyen kabeji ko ruwan lemun tsami kuwa ba su kamu ba. Ka ga ke nan, yaron da ke ba nasa dusa zalla da rani yana maimaita wancan gwaji ne bai sani ba.

Mako biyu zuwa uku na rashin ɗanyen ganye sun isa ciwon ya bayyana. Ga alamominsa: gashi ya tashi ya yi kaushi, ya ƙi tafiya, ya riƙa ɗingishi, gaɓoɓi su kumbura, ya yi ƙara in an taɓa shi, dasashi ya yi jini, ya daina cin abinci. In an gane da wuri aka ba shi ɗanyen ganye ko bitamin C, yakan miƙe cikin mako ɗaya ko biyu.

Babba na bukatar akalla miligiram 10 na bitamin C a yini, mace mai ciki ko mai shayarwa kamar ninki uku. Ba sai ka auna ba. Damƙi ɗaya na ɗanyen ganye mai kyau ga kowace bisa, kowace rana, ya biya bukata. Amma ka sani shanya da dahuwa suna kashe wannan sinadari. Busasshen zogale da busasshiyar kuka ba su maye gurbin ɗanye.

Cimakarsa kashi uku ce:

Na ɗaya, ciyawa, wadda ita ce gindin abinci, kada ta yanke dare da rana. Haƙoransa ba su daina tsiro har ya mutu, tauna ciyawa ce ke rage su. In babu ita haƙora su yi tsawo, ya kasa ci. Da damana ka ba shi ƙyasuwa, harkiya, gadagi, ganyen masara. Babba kan ci giram 200 zuwa 300 na ɗanyar ciyawa a yini. Da rani ka ba shi busasshiyar ciyawa mai tsabta, ka haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa.

Na biyu, ɗanyen ganye na kullum: zogale, ganyen dankali, ganyen kabeji, ganyen karas, salati, ɗan yankin tattasai mara yaji. Gwaba da mangwaro a ba shi kaɗan kaɗan, zaƙi in ya yi yawa yana sa zawo.

Na uku, dusar hatsi ko ta masara, cokali biyu a yini ga kowane ɗaya. Ƙari ce, ba abinci ba ce. A mako kana iya barbaɗa mata ɗan garin ƴaƴan kuka, shi ma yana da bitamin C da yawa.

Ruwa kuwa, wai ɓeran Masar ba ya shan ruwa, wannan zance ba gaskiya ba ne. Ka ajiye masa mai tsabta cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a canja safe da marece.

4. INA ZA A SAMU ƊANYE DA RANI?

Wanda ke kusa da garake, kamar na Gulbin Maraɗi wajen Tibiri da Jiratawa, ba shi da matsala. Ganyen kabeji na waje da masu garka ke zubarwa ya ishe shi, a wanke shi da kyau tukuna. Wanda ke kan tudu, nesa da fadama, ga dabaru biyu.

Ta farko, ka shuka zogale uku ko huɗu a bayan gida, inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke gangarawa, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ku ci, bisashe su ci.

Ta biyu, tsiro. Ka jiƙa hatsi ko masara kwana ɗaya, ka tsane, ka baza cikin faifai ko kasko mai huji a inuwa mai haske. Ka yayyafa ruwa sau uku a yini. Cikin kwana 8 zuwa 10 zai tashi kore shar. Busasshiyar tsaba ba ta da bitamin C, amma in ta tsira sai ya samu. Ka riƙa jiƙa sabo bayan kowane kwana biyu, don kada ya yanke. In ka ga fumfuna ko ka ji tsami, zubar. Gargaɗi: kada ka yi wannan da dawa. Tsiron dawa da gyauronta suna da guba.

5. ABUBUWAN DA AKA HANA

Tumfafiya, zurma, zaƙami, duman kada wanda yaro kan ɗauka ganyen dankali ne, ganyen tumatir, ɗanyen rogo da ɓawonsa, albasa da tafarnuwa. Haka nan sauran tuwo da miya, da duk abin da ya ruɓe. Kada a yanko ganye a gonar waken da aka yi wa feshi. In za ka canja masa abinci, kamar a farkon damana, ka yi sannu sannu cikin mako guda, don kada ciki ya kumbura.

Babban gargaɗi: kada ka sayi kafso wurin ƴan talla ka ba shi. Penisilin da ampisilin da amoksisilin, waɗanda ke warkar da mutum, suna kashe ɓeran Masar, domin suna ɓata ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji. In ba shi da lafiya, ware shi, ka nemi ma'aikacin kiwo na garinku.

6. HAIHUWA

Ciki na ɗaukar kwana 59 zuwa 72. Takan haifi biyu zuwa huɗu, da gashinsu, idonsu buɗe, cikin ƴan kwanaki su fara cin ciyawa. A yaye su a mako uku, a raba maza da mata nan take, don mace na iya ɗaukar ciki tun tana ƴar wata guda, wannan kuwa yana tsumburar da ita. A haɗa ta da namiji tana wata uku zuwa biyar. In ta wuce wata bakwai ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin ƙugunta kan ƙage, haihuwa ta zo da wuya. Ka fitar da namiji kafin ta haihu, domin a ranar haihuwar ma tana iya sake ɗaukar ciki.

A koya wa yara ɗaukarsa da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi. Su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi. In gashinsa na zubewa fili fili, wataƙila makero ne, yana kama yara.

TAMBAYOYI DON ƘUNGIYAR MASU SAURARE

1. Me ya sa akuya ke rayuwa da harawa zalla, ɓeran Masar ba ya iyawa?
2. Waɗanne ɗanyun ganye ake samu a garinku cikin Afrilu?
3. Wace tsaba ce aka hana a tsirar masa?

Ku tattauna, shugaban ƙungiya ya aiko mana da amsoshinku. Kai kuma maigida, kafin ka bar yaro ya sayo ɓeran Masar, ka tambaye shi abu biyu: ina inuwar, ina ganyen rani? In ya nuna maka su, bar shi ya saya. Yaron da ya ƙetarar da ɓeran Masar bazara guda, gobe ka iya damƙa masa tunkiya. Rai ne aka ba shi amana, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.