Mai Juna Biyu, Rage Dogon Zama Don Lafiyar Ƙafafunki

Uwargida, idan ciki ya fara tsufa, sau da yawa za ki ji ƙafafunki sun yi nauyi, idon sawu ya kumbura da yamma, ko ki ga wasu jijiyoyi sun taso sun nannaɗe a bayan gwiwa. Mata da yawa kan ɗauka cewa maganin wannan shi ne a zauna a huta. Hutu yana da kyau, amma dogon zama wuri ɗaya ƙara tsananta matsalar yake yi, wani lokaci ma yakan kai ga abin da ke barazana ga rayuwa. Wannan darasi zai bayyana miki dalili, da abin da ya kamata ku yi ke da iyalinki.

Yadda jini ke dawowa daga ƙafa

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma dawowarsa sama aikin ƙafar ne da kanta. A cikin sharaɓarki akwai manyan jijiyoyin jini da tsoka ta kewaye. Duk takun da kika yi, tsokar na matse jijiyoyin, jini ya haura sama. A cikin jijiyoyin kuma akwai 'yan ƙananan marafai masu buɗewa ta gefe ɗaya, su ke hana jinin gangarowa ƙasa. Shi ya sa likitoci kan kira sharaɓa zuciya ta biyu. Idan kika zauna ba motsi, wannan famfo ya tsaya ke nan, jini ya taru a ƙasa, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ƙafa ta kumbura.

Abin da juna biyu ke ƙarawa

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa a jikin mai ciki:

1. Jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, don haka jijiyoyi na ɗaukar kayan da ya fi wanda suka saba.
2. Sinadarin furojestaron, wanda ke riƙe ciki, yana sassauta bangon jijiyoyi, su buɗe, marafansu su kasa rufewa sosai.
3. Mahaifa na danne manyan jijiyoyin mara da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.
4. Jini yana ƙara saurin daskarewa, domin jiki na shirin tsayar da zubar jini ranar haihuwa.

Na huɗun nan kariya ce gare ki, amma idan ya haɗu da jinin da ke kwance ba ya gudu, gudan jini na iya toshe jijiya ta can ciki. Haɗarin haka ga mai ciki ya ninka na wadda ba ta da ciki kamar sau 4 zuwa 5, kuma yana samun mace 1 zuwa 2 cikin kowace 1,000 masu juna biyu. Ya fi faruwa a ƙafar hagu. Babban abin tsoro shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe hanyar huhu, wanda kan iya kashe mace cikin ɗan lokaci.

Ina ne zama ke yi miki yawa?

Ki duba yininki da kyau. Ɗinkin hula ko saƙa a kan tabarma, kitso, tsintar shinkafa ko wake a kan kujera 'yar tsugunno, zaman shago, aikin ofis, kallon fim, zaman biki ko na makoki, har da layin awo a asibiti, duk suna cinye awoyi ba ki sani ba. Zama a ƙasa da ƙafa a naɗe, ko a kan gajeriyar kujera, ya fi matse jijiyoyin bayan gwiwa da na matsematsi. Tsayuwa cak wuri ɗaya, kamar wajen guga ko tuya, ita ma tana tara jini a ƙafa.

Abin da za ki riƙa yi

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce mai ciki da mai jego da ba su da wata matsala su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, su kuma rage yawan zama. Wannan daidai yake da tafiyar minti 30 a kwana 5. Ba dole ne ki yi shi a lokaci ɗaya ba; minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma ya wadatar, ko da a tsakar gida ne. Ma'auninki shi ne ki iya magana kina tafiya ba tare da haki ya hana ki ba.

Bayan wannan, ki kiyaye waɗannan:

1. Kada ki wuce minti 30 zuwa awa 1 a zaune ba ki miƙe ba. Tashi ki zaga na minti 2 ko 3, sannan ki koma aikinki.
2. Idan tashi bai yiwu ba, ki ɗaga dunduniya ki sauke, ki ɗaga yatsu ki sauke, ki juya idon sawu, sau 10 kowace ƙafa.
3. Ki zaɓi kujera mai tsayi da wurin jingina, kuma kada ki ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.
4. Lokacin hutu ki ɗora ƙafafunki a kan filo, su ɗan fi ƙugu tsayi.
5. Daga wata na 7 ki riƙa kwanciya a gefe, musamman na hagu. Rigingine na sa mahaifa danne babbar jijiya.
6. Ki sha ruwa sosai, musamman lokacin zafi ko idan kina yawan amai.
7. Ki sassauta ɗaurin zani, ki guji safa mai roba da ke shata a ƙafa. Safar asibiti mai matse ƙafa daban ce, ma'aikacin lafiya ne zai auna miki ita, kuma da safe ake sa ta kafin ƙafa ta kumbura.

Tafiyar da ta wuce awa 4, a mota ko a jirgi, tana ƙara haɗari. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyaye a gari mai nisa, ki shaida wa ungozoma tun a wajen awo. A hanya ki sauka ki taka duk inda aka tsaya, kada kuma a cusa kaya a ƙarƙashin ƙafafunki.

Idan kina zubar jini, ko ruwa ya fashe, ko an ce mabiyiya ta sauko ƙasa, ko kina da hawan jini ko ciwon zuciya, ki tambayi likita irin motsin da ya dace da ke kafin ki fara.

Waɗanda suka fi bukatar kulawa

Ki faɗa wa likita tun awon farko idan kin taɓa samun toshewar jijiya, ko wani na jininki ya taɓa samu. Haka kuma haɗarin ya fi yawa ga mai sikila, mai ƙiba sosai, wadda ta wuce shekara 35, mai cikin tagwaye, wadda ta haihu sau 3 ko fiye, da wadda aka yi wa tiyata. Wasu daga cikinsu akan rubuta musu allurar hefarin mai hana jini daskarewa. Ba ta ratsa mabiyiya ta kai ga jariri, kuma ba ta hana shayarwa.

Alamomin da ba a jira da su

Kumburin ƙafa biyu da ke zuwa da yamma ya saɓe da safe abu ne da aka saba gani. Amma a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da 'yar'uwarta, tana ciwo, ta ɗau zafi ko ta canja launi.
2. Ciwo a cinya, matsematsi ko ƙasan mara ta gefe ɗaya tare da kumburin ƙafar.
3. Numfashi ya ɗauke ba zato, ciwon ƙirji, tarin jini ko suma.
4. Fuska da hannu sun kumbura, tare da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. Wannan alamar hawan jinin ciki ce, mai kai wa ga jijjiga.

Kada a yi wa irin wannan ƙafar tausa, kada a gasa ta, kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Matsa ta na iya ɓalle gudan jinin. A asibiti za a duba jijiyar da na'urar hoto irin wadda ake duba ciki da ita, kuma akwai magani idan an zo da wuri.

Bayan haihuwa

Haɗarin toshewar jijiya ya fi tsanani a makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato daidai kwanakin jego. Mai jego na bukatar hutu, amma kada ta wuni a kan gado. Ta fara takawa da zarar ma'aikatan lafiya sun ba ta izini, ko da tiyata aka yi mata, ta kuma ci gaba da zagaya tsakar gida kullum har a yi arba'in.

Kira ga maigida da iyaye

Maigida, kai ne za ka sa direba ya tsaya a hanya, kai ne kuma za ka tanadi abin hawa da kuɗin asibiti tun kafin bukata ta taso. Ka bar izini a gida, domin kada a zauna jiran dawowarka alhali numfashinta na ɗaukewa. Iyaye mata da ke kula da mai jego, ku karɓar mata aiki mai nauyi, amma ku bar ta ta tashi ta ɗebo ruwan shanta da kanta. Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Uwargida, a awo na gaba ki nuna wa ungozoma ƙafafunki, ki faɗa mata awa nawa kike yi a zaune kullum. Allah Ya sauke ki lafiya.