Darasi: Godiya Ga Iyaye Da Riƙon Aiki

Ya ku ƴan'uwa, aya ta 14 cikin Suratu Luƙman ta gama godiya ga Allah da godiya ga iyaye wuri guda. Ga misali domin samarinmu na Tawa masu son ƙwallon kwando.

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas cikin 1963. Iyayensa siminti suke saidawa, kuma da bakinsa ya shaida cewa wurinsu ya koyi gaskiya, girmama manya da jure wahalar aiki. Da ya isa jami'ar Houston ta Amurka bai ƙware ba tukuna, sai ya riƙa ƙarar da hutunsa yana gwabzawa da gwani Moses Malone. A 1994 da 1995 ƙungiyarsa, Houston Rockets, ta ci kofin NBA. Yakan shiga fili da azumin Ramadan a bakinsa.

Ba kofin ya dame mu ba. Ɗaukaka ba ta mantar da shi gidan da ya fito ba. Mu kuwa nan Adar, yaro yakan tafi ci-rani Abijan ko Libiya, ya shekara biyu ba waya ba saƙo, tsohuwa tana tambayar duk wanda ya sauko daga mota.