Rubutun Nazari da Kafa Hujja a Jami'a

Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi an kafa ta ne a 1980 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya. A 1984 aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan a 1988 ta sake samun cin gashin kanta da sunan da take amsawa yanzu. Galibin ɗalibanta injiniya da aikin gona da kimiyya suka zo koyo. Duk da haka, bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wajibi ne kowane ɗalibi, a nan da sauran jami'o'in ƙasar nan, ya ɗauki darussan bai-ɗaya, cikinsu har da na sarrafa harshen Ingilishi, inda ake koyar da rubutun maƙala. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan darasi tamkar harajin da za a biya a wuce. Wannan kuskure ne mai tsada, domin injiniyan da ya kasa nuna wa hukuma a rubuce dalilin da ya sa za a gina gada a wuri kaza, to lissafinsa a aljihunsa zai tsaya.

Yaro yakan baro makarantar sakandare da al'adar hadda. An tambaye shi, ya zubo abin da ya haddace, an ba shi maki. A jami'a kuwa abin da ake nema shi ne ya dubi al'amari, ya rarrabe sassansa, ya tsaya a kan ra'ayi guda, ya kuma kawo shaidar da za ta riƙe wannan ra'ayi. Rarrabewar ita ce nazari, tsayawar da shaidar su ne kafa hujja. Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya riga ya ga yadda abin yake: mai ƙara shi ne zai faɗi abin da yake da'awa, shi ne zai kawo shaidu, kuma ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin wanda ake ƙara.

Misali daga Tirwun

Alal misali, a ce malami ya ba ɗalibai wannan tambaya: shin faɗaɗar birnin Bauchi ta amfani mutanen Tirwun, ko ta cuce su? Tirwun tsohon mazauni ne a gefen birnin. Tun da Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976, birnin yake ta miƙe ƙafa zuwa garuruwan da ke kewaye da shi.

Ɗalibin da bai ƙware ba zai fara da tarihin Sarkin Bauchi Yakubu, ya cika shafi biyu, ya jero amfani uku da illa uku, ya rufe da cewa komai yana da amfani da rashin amfani. Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, amma kuma bai amsa tambayar ba. Ya zama alƙalin da ya saurari shaidu tun safe, azahar ta yi ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida.

Ɗalibin da ya ƙware tambayar zai fara tuhuma. Su wane ne "mutanen Tirwun"? Mai gonar gado a bakin hanya, da wanda yake aron gona yana nomawa, da matar aure mai sana'a a cikin gida, da baƙon ma'aikacin da ya sayi fuloti ya gina, duk a Tirwun suke kwana, amma faɗaɗar birni ba iri ɗaya ta same su ba. Mene ne kuma "amfani"? Kuɗin hannu ne, ko hanya da asibiti, ko abincin shekara a rumbu? Da zarar ya yi wannan rarrabewa, sai ra'ayi ya fito da kansa. Yana iya rubutawa a sakin layi na farko cewa faɗaɗar ta ɗaga darajar ƙasa, ta kawo kasuwa, amma ribar ta fi zuwa ga masu ƙasa, wanda yake noma a gonar wani kuwa ya rasa wurin noma bai sami komai ba. Wannan jumla ita ce ƙashin bayan maƙalar. Alamar ta yi kyau ita ce mutum mai hankali yana iya musanta ta.

Daga nan sai shaida, kuma a nan ne aiki yake. Dole ya karanta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma tanadi cewa idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar tana kan abin da aka gina ko aka shuka ne, ba kan ƙasar kanta ba. Dole ya taka zuwa Tirwun ya zauna da dattawa da dillalan filaye, ya rubuta ranar da ya yi hirar. Dole kuma ya san nauyin kowace shaida. Maganar mutum uku ba ta zama maganar gari ba, kuma dillali yana da abin da yake karewa. Kalmomi irin su "kowa ya sani" da "babu shakka" malamai sun daɗe da gane su. Yawanci a inda shaida ta ƙare suke fitowa.

Sauran mataki guda, wanda ɗalibai suka fi gudu. Wajibi ne marubuci ya kawo hujja mafi ƙarfi da ke gaba da tasa, ya faɗe ta yadda mai ita zai yarda an yi masa adalci. Wani zai ce ai wanda ya rasa gonar aro ya sami aikin gini ko acaɓa, kuɗin da yake samu a wata ma ya fi na da. Idan wannan gaskiya ne, sai marubuci ya amsa, ya gyara ra'ayinsa, ko ya nuna cewa aikin gini na ɗan lokaci ne, hatsi kuma yanzu saye ake yi. Ɓoye hujjar abokin hamayya ba ya kashe ta, mai karatu zai tuno da ita da kansa, ya kuma daina amincewa da sauran maganar.

Gadon Bauchi

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Bauchi. Wajen 1943, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suna cikin masu zama a Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda ake muhawara a gaban jami'an Turawa da manyan En'e kan al'amuran mulki, har da tsarin mulkin En'e kansa. Da muhawarar ta yi zafi hukuma ta dakatar da zaman. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, yana neman a binciki tsarin En'e a yi masa gyara. Ya zayyana cututtukan tsarin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da yake so a yi. Gwamnati ta sa aka yi bincike, gyare-gyare suka biyo baya, har aka kai ga Dokar En'e ta 1954.

Abin da ya rage ga malamai

Babbar matsalar malami ita ce yawan ɗalibai. Aji mai ɗaruruwan mutane yana tura shi ga tambayoyin zaɓi-ɗaya, waɗanda ba sa auna tunani. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT da ire-irensa, ɗalibi yana iya samun maƙala mai santsin Turanci a wayarsa cikin minti guda. Saboda haka ya fi kyau a riƙa ba da maƙala gajera, shafi ɗaya, a kan al'amarin da sai an je an gani, a mayar wa ɗalibi ita da gyara ya sake rubutawa. Shafi ɗaya da aka rubuta sau uku ya fi shafi goma da aka miƙa sau ɗaya. Ba laifi ba ne kuma a bar ɗalibai su fara yin muhawarar da Hausa ko wani harshensu kafin su zauna rubutu da Ingilishi, domin sau da yawa abin da ake zato raunin Turanci ne, rashin tsayar da ra'ayi ne. Inda hali ya yi, malami ya kira ɗalibi na minti biyar ya tambaye shi abu biyu: a ina ka samo wannan, kuma me zai sa ka canja ra'ayinka?