Nutso da safe, jirgi da dare: in yi ko in bari?

Likita, ina aiki a Jidda, kuma a nan abokan aiki suka koya mini nutso a Bahar Maliya, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya. Mun shirya fita Alhamis mu yi nutso biyu, mu ƙara ɗaya ranar Juma'a da safe, mu fito wajen ƙarfe 11. Jirgina na Kano kuma ƙarfe 9 na daren Juma'ar zai tashi, zan je bikin ƙanwata. Malamin da ke koya mana ya ce sam kada in yi nutso ranar. Amma wani abokina ya ce tsoro ne kawai, shi ya sha yi lafiya lau. Kuɗin kuwa na riga na biya. Wa zan bi?

Mai karatu daga Jidda

Malam, Allah ya sanya alheri a bikin. Bi maganar malaminka.

Iskar da ke cikin tukunyar nan irin wadda muke shaƙa ce kullum, kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. A doron ƙasa ba ta da illa. A ƙarƙashin teku kuwa, duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu a nan sama. Wannan matsi ne ke tura naitirojin ta narke cikin jini da nama. Da ka fito, sai ta riƙa fita ta huhu sannu a hankali, awa bayan awa. Idan matsin ya ragu kafin ta gama fita, sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe murfin da gaggawa.

Jirgi kuwa abin da yake yi ke nan. Ko da yake ana cusa iska a cikinsa, matsin da fasinja ke ciki daidai yake da na tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400.

Ƙungiyar Divers Alert Network ta Amurka ta tara masana a 2002, kuma ƙa'idar da suka fitar ita ce yawancin makarantun nutso ke koyarwa: aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya tak, aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. In kuma nutson mai zurfi ne wanda dole sai an tsattsaya a hanya kafin a fito, jiran ya wuce haka sosai. Kai nutso uku za ka yi cikin kwana biyu, tazararka kuma awa 10 ce, ko ta mai nutso ɗaya ba ta kai ba. Ni dai awa 24 nake gaya wa mutane, domin waɗancan alƙaluma mafi ƙaranci ne.

Abokinka ba ƙarya ya yi ba, ya dai yi sa'a. Ba kowa ciwon kumfar nan ke kamawa ba, kuma wanda ya tsira jiya yana iya kamuwa gobe. Abin da ya fi damuna shi ne inda zai same ka: sama da hamada, awanni kafin a sauka. Maganinsa tsantsar iskar oksijin ce nan take, sannan ɗaki na musamman da ake mayar da mutum cikin matsi har kumfar ta narke. Ba kowane gari ke da wannan ɗaki ba.

Ka yi nutsonka na Alhamis, ka tsaya nan. Ranar Juma'a ka bi su a kwalekwale, ka yi iyo a saman ruwa in kana so, ka sha ruwa sosai. Ka roƙi malamin ya ajiye maka kuɗin zuwa dawowarka. Kada kuma a ce a hau Ɗa'if shan iska bayan nutso: garin yana sama da mita 1,800, hawansa da mota tamkar shiga jirgi ne.

Ko ka cika awannin, ka lura da jikinka. Ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu da ba ka san dalilinsa ba, mutuwar jiki fiye da kima, jiri, dindiris ko tsikari a hannu da ƙafa, ƙaiƙayi da ɗigo-ɗigo a fata, wahalar fitsari: ɗaya daga cikinsu ya isa ka fasa tafiyar. Ka nufi asibiti, kuma tun daga bakin ƙofa ka ce musu nutso ka yi, da zurfinsa da lokacin da ka fito.