Kashin Tsuntsu da Fentin Mota: Abin da Ya Kamata Mai Ajiye Mota a Waje Ya Sani

Duk wanda ya taɓa neman wurin ajiye mota a cikin Katsina da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da ido ke nema: inuwa. Ko a Ƙofar Soro ne, ko bakin babbar kasuwa, ko cikin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, gindin bedi ake rububi, wato itacen da wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Sai dai ba kai kaɗai ke son wannan inuwa ba. Kurciya na sama, tattabara na sama, hankaka ma yana leƙowa. Ka dawo bayan awa uku ka tarar an yi maka zane a bonet.

Da yawanmu mukan ce ai ranar Asabar za a kai ta wanki. Darasinmu na yau a kan wannan jinkirin yake, domin shi ne ke cin fenti.

Me ke cikin kashin?

Tsuntsu ba ya fitsari daban kamar akuya ko mutum. Kashi da fitsari ta ƙofa ɗaya suke fita a tare. Baƙin da ke tsakiya ragowar abinci ne, farin da ke kewaye kuwa shi ne fitsarin, kuma daga sinadarin yurik asid yake samuwa. Wannan sinadari ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, shi ya sa yake kamawa kamar siminti idan ya bushe. Ban da haka, tsuntsaye masu cin hatsi suna haɗiye ƙananan tsakuwa don su taimaka musu niƙa abinci, wani lokaci kuma a samu yashi da ɓurɓushin ƙwallon 'ya'yan itace a cikin kashin. Riƙe wannan batu na yashi, za mu dawo kansa.

Fentin motar zamani kuma hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke kare launin daga rana. Kaurinsa bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba a yawancin motoci, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Kamar sikirin gad ɗin wayarka yake, sai dai wannan ba a ɓare shi a manna sabo a bakin kasuwa.

Zafi ne ke ƙarasa aikin

An daɗe ana cewa asid ɗin ne kawai ke ƙona fenti. A shekarar 2011 kamfanin Autoglym na Ingila, mai yin kayan kula da fentin mota, ya fito da wani bayani da ya ƙara haske. Idan rana ta buga mota, kiliya yakan yi laushi ya ɗan buɗe, a daidai lokacin da kashin ke bushewa yana tauri. Da yamma ta yi, fenti ya huce, sai ya tsuke ya ɗauki siffar busasshen kashin da ke kansa. Ka wanke ka ga kashin ya tafi, amma hotonsa na nan dishi-dishi, ba ya fita. Kamfanin Ford ma ya bayyana a 2020 cewa yana haɗa kashin tsuntsu na jabu a ɗakin gwaji, ya fesa a kan fenti, ya gasa a zafin maki 40, 50 da 60 a ma'aunin Salshiyas don ya ga juriyarsa.

Yanzu kawo wannan Katsina. Daga Maris zuwa Mayu zafin iska kansa yakan kai maki 40, ƙarfen baƙar mota da ke tsaye a rana kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa dafa bonet da azahar ba ya buƙatar a gaya masa. Abin da Ford ke yi a tanda, rana na yi mana shi kyauta kullum. Don haka a nan yini ɗaya ya ishe kashin barin tabo. Motar da aka taɓa yi wa sabon fenti a gareji ta fi shiga haɗari, domin ba kowane mai fenti ke zuba kiliya mai kyau da isasshen kauri ba, kuma yawancin motocin da matasa ke iya saye na hannu ne da aka taɓa shafa wani ɓangarensu.

Kafin ka kashe mota, dubi ƙasa

Wannan ita ce dabarar da ba ta cin ko sisi. Idan ka ga ƙasan bishiya ta yi fari-fari kamar an yayyafa farar ƙasa, to makwancin tsuntsaye ne, matsa gaba. Balbela ta fi kowa wannan ta'adi saboda garke guda take kwana a bishiya ɗaya, kuma ba ta cika sauya wuri ba. Shamuwa idan ta iso gab da damina ta yi sheƙa, ita ma ƙarƙashinta ba wurin mota ba ne. Da dare kuma akwai jemage. Ba tsuntsu ba ne, amma idan 'ya'yan bedi ko mangwaro sun nuna, abin da yake saki a kan mota yana da danƙo da launi, kuma yana kamawa sosai.

Haka ƙarƙashin wayar lantarki, da gindin fitilun titi, da bakin rufin bene inda tattabaru ke jeruwa. Inuwar katanga ko ta gini ta fi inuwar bishiya lafiya, in dai babu tattabaru a saman. A gida kuwa, rumfar kwano ko da ta mota ɗaya ce ta raba gardama.

Idan abin ya riga ya faru

Kada ka goge shi a bushe. Ka tuna yashin nan? Idan ka sa tsumma ka murza, tamkar ka sa sandifefa ne a fentinka, balle a lokacin hunturu da ƙura ta riga ta lulluɓe motar. Na sha ganin mutum ya sa farce ko katin ATM yana kankarewa. Kashin zai fita, amma ƙarcen da zai bari ya fi tabon muni.

Abin da za ka yi shi ne jiƙawa. Fasa ledar fiya wata ɗaya, ka jiƙa tsumma mai laushi ko tishu sharkaf, ka ɗora a kan kashin ka bar shi kamar minti 5 zuwa 10. Idan ya yi laushi, ka ɗauke shi sama kamar mai tsinke abu, kada ka ja shi gefe. Ka ƙara zuba ruwa, sannan ka tsane wurin da wani tsumma mai tsabta. Tsumman da ya fi dacewa shi ne maikurofaiba, irin wanda ake goge fuskar waya da tabarau da shi, amma babba. Ka ajiye guda biyu da gorar ruwa a but, shi ke nan ka haɗa kayan aiki. In da hali, ka matsar da motar inuwa ta ɗan huce kafin ka fara, saboda ruwa a kan ƙarfe mai zafi nan take yake bushewa.

Ka wanke hannu bayan ka gama. Busasshen kashin tattabara yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kada ka hura shi da baki.

Wani abu da ya kamata ka gaya wa yaron da ke wanke maka mota: ban da omo, ban da soson buhu. Garin sabulun wanki yana cire man da ke kare fenti, soson kuma yana ƙarce shi. Sabulun wankin mota na ruwa ake so, kuma masu sayar da kayan mota suna da shi.

Kariya tun kafin ya sauka

Mafi araha shi ne man goge mota mai kaki, wanda ake kira wakis. Yana zama shamaki tsakanin kashin da kiliya, ya sa kashin ya fita da sauƙi. Ba ya daɗewa a zafinmu, saboda haka ka sa wa wayarka tunatarwa duk wata biyu ko uku. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka yayyafa ruwa a bonet, idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo man na nan, idan ya baje ya ƙare.

Sai rufin siramik, wani ruwa da ake shafawa ya daskare ya yi tauri. Ya fi wakis daɗewa, amma masu tallansa a TikTok da Facebook suna zuzuta shi fiye da kima. Ƙarin lokaci kawai yake ba ka, kashin da aka bari ya gasu a kansa zai iya yi masa tabo shi ma. Akwai kuma leda mai garai-garai da ake manna wa bonet da gaban mota, ita ce ainihin sikirin gad ɗin mota; tana aiki, tana da tsada, kuma sai ƙwararre ne zai manna ta ba tare da kumfa ba.

Rigar mota ita ce ta fi amfani ga wanda zai yi tafiya ya bar motarsa a tsakar gida. Sharaɗinta ɗaya: motar ta kasance a wanke kafin a rufe ta, kuma a ɗaure rigar da kyau. Idan ka rufe mota mai ƙura, iskar hunturu ta yi ta kaɗa rigar, ƙurar da ke tsakani za ta goge fentin dare da rana.

Idan kuma tabon ya riga ya zauna, kunna fitilar wayarka da yamma, ka haska wurin ta gefe. In dishi-dishi ne kawai, kuma farcenka bai maƙale ba da ka shafa a hankali, to a saman kiliya ya tsaya, mai folish zai iya fitar da shi da injin gogewa. Ka dai ja masa kunne kada ya zurfafa, domin kowane folish yana rage kaurin kiliyan. In kuwa ka ga wurin ya tsattsage kamar busasshiyar laka, to ya ratsa ciki, sai dai mai fenti ya sake fesa wannan ɓangaren gaba ɗaya.