JURIYA BAYAN MASIFA: DARASI DAGA KAFANCHAN

Juriya ita ce ƙarfin zuciyar da ke sa mutum ya sāke miƙewa bayan masifa ta kayar da shi. Ba a haihuwar kowa da ita cikakkiya, koyonta ake yi, kuma jama'a ke ƙarfafa ta.

Garin Kafanchan, wanda ya bunƙasa saboda mahaɗar jirgin ƙasa, ya ga jarrabawa. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta garin, ya bazu har Zariya da Kaduna. A 1992 aka yi na Zangon Kataf. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓe, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka yi asarar rayuka. Duk da haka, a watan Maris na 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a, Kaura, Sanga, Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Ba ta kawar da fitina ɗungum ba, amma ta nuna cewa waɗanda aka ɓata suna iya sāke zama inuwa ɗaya.

Raunin zuciya ba ya zubar da jini, shi ya sa ake raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa wajen mutum 1 cikin 5 a wuraren rikici yana fama da larurar ƙwaƙwalwa. Alamunta su ne rashin barci, mugun mafarki, firgita da saurin fushi.

Abin da ke taimako:

1. Kada wanda abin ya shafa ya kaɗaice. Ya faɗa wa amininsa, ko limami, ko fasto abin da ke damunsa.
2. A koma gona da kasuwa da wuri. Gayya da adashi sun ta da gidaje da yawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
3. A mai da yara makaranta, a saurare su, kada a cusa musu gaba.
4. A guji giya da ƙwaya, domin ƙara ciwon suke yi.

Idan alamun suka wuce wata guda, ko mutum ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Neman magani ba rashin haƙuri ba ne, kuma ba raunin imani ba ne.